Ranar da Na Ce Sitti Ta Yi Nauyi

Tun kafin wani mai kaifin baki ya riga ni, bari in faɗa da kaina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne, Sale Direba. Amma ku sani wauta ma aji-aji ce. Tawa ta mai ilimi ce, don na yi elementare har aji huɗu, kuma a duk unguwarmu a Funtuwa babu wanda ya taɓa daidaita gida da iska sai ni. Wanda ya taɓa ya ɗaga hannu. To, ku yi shiru ku ji.

Na sauka Jidda zamanin da ake aika kaset gida maimakon waya. Dillalin da ya yi min hanya ya rantse cewa tirela zan riƙa ja zuwa Riyad. Ya tarbe ni da fara'a, ya kai ni wani ɗaki a Ammariyya inda maza ke kwance kamar an jera itace, ya karɓi agogon hannuna wai zai ajiye min don ɓarayi. Gaskiya ya faɗa, akwai ɓarayi, don ban sake ganin sa ba, shi da agogon. Tirelar kuwa ta zama motar kai yara makaranta da ɗauko burodi da wake da safe a gidan wani ɗan kasuwa, Abu Majid. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya min na zauna a ƙasar. Ranar farko ya karɓi fasfona ya jefa a durowa. Iƙama a aljihuna, fasfo a durowarsa, wato ina da izinin zama, ba ni da izinin tafiya. Ba mugun mutum ba ne. Sai dai in ka ce masa kana son hutu ka je ka ga iyali, sai ya ce "bukra, in sha Allah", kuma goben Abu Majid doguwa ce, ta kan haye azumi biyu ba ta iso ba.

Daga Ammariyya na koma Nuzla, wurin mutanenmu. A can ne kaset ɗin matata Hajara ya riƙa isko ni. Za ta fara da gaisuwa, ta sa yara su yi min karatu, ta ce daminar bana ta yi kyau, ta ce katangar baya ta zube. In ta kai nan sai in kashe rikoda in fita waje kamar zan yi alwala. Amma ɗaya gefen kaset ɗin na dangi ne. Kowa zai karɓa ya gaishe ni, ya ƙare da "Allah ya sa a tuna da mu". Ƙanena yana son injin niƙa. Gwaggo tana son zamzam, ba kwalba ba, jarka. Surukata tana son tukwanen ƙarfe. Maƙwabcin da ko gaisawa ba ma yi shi ma ya yi tari ya ce dabino. Hajara kaɗai ce ba ta taɓa roƙon komai ba, shi ya sa na saya mata keken ɗinki mai ƙafar ƙarfe.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Mutum ya yi shekaru a ƙasa mai tsarki ya dawo yana kaɗa hannu? Gara a ce ya rasu a can, a yi masa addu'a. Don haka na riƙa saye kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce wurin ajiya. Ɗakinmu na Nuzla mu da yawa ne, kuma akwai wani bargo da na saya ranar Alhamis, ranar Asabar na gan shi a kafaɗar wani a kasuwa.

Ana nan Abu Majid ya sayo wata mota daga waje. Su suna ce mata karafan. Gida ne aka ɗora wa taya: gado, murhu, firji, banɗaki, har da labule. Ya ce in kai ta Sina'iya, can unguwar masana'antu, a duba ta, a kuma koya min sirrinta. Na yi sa'a makanikin Bahaushe ne, Isufu, mutumin Damagaram. Da ya ji Hausata sai ya ajiye sifana, ya aika aka sayo mana shayi, ya ce ba ya koya wa ɗan'uwa aiki da yunwa. Wannan shayin har yau ina jin daɗinsa.

Ya kwantar da ni a ƙasa ya nuna min. Motar ba a kan sifirin take zaune ba. A saman kowace taya akwai jakar roba baƙa, kamar salka. Akwai kwamfuresa mai hura su, da maɓalli huɗu kusa da kujerar direba, kowace jaka da nata, da agogo mai allura, da 'yar kwalba irin ta magina mai ƙwayar iska a ciki. In ƙwayar ta tsaya tsakiya, gida ya daidaita.

"Ka ji da kyau, Alhaji," in ji Isufu. "In ka tsaya, ka ja birki, ka sa dutse. Gefen da ya yi tudu shi za ka fara sace wa iska, kafin ka hura na gangare. Hagu da dama tukuna, sannan gaba da baya. Kuma iska taƙi ɗaya take gyarawa. In karkatar ta wuce taƙi, ka sa katako ƙarƙashin taya ko ka sake wuri. Allura ta kusa ja, ka ɗauke hannunka."

Na ce, "Isufu, ni fa na yi elementare."

Ya ce, "Robar ba ta yi ba."

Na dawo da mota gida aka ajiye ta a bayan gareji, aka rufe da tamfol, aka manta da ita, kamar yadda masu kuɗi suke yi da abin da suka ƙosa su saya. Makullai kuwa suna hannuna. A ƙarƙashinta, ta waje, akwai akwatunan ajiya. Na dama tankin ruwa ne da tukunyar gas. Amma na hagu ta baya, wani ƙaton rami ne da babu kowa a ciki. Na dube shi, ya dube ni. Duk mai hankali a cikinku abin da na yi shi zai yi.

Injin niƙa ya shiga gunduwa-gunduwa. Keken ɗinki ya bi. Tukwane, katan-katan na tangaran, buhunan dabino, jarkokin zamzam da nake ɗebowa duk sanda na kai iyalin gidan Makka. Na tsara su yadda ko ɓera sai ya nemi izini. In kewa ta dame ni, sai in ɗaga tamfol in buɗe in duba, in ce wannan na wance ne, wannan na wane. Wani lokaci har hira nake yi da keken.

Daga ƙarshe goben Abu Majid ta kusa isowa. Ya kira ni ya ce zai buga min bizar fita da dawowa, in je in ga iyali in komo bakin aikina. Sai dai kafin nan mahaifiyarsa tana son a kai ta bakin teku ta yi kwana biyu a cikin karafan. In tafiyar ta yi kyau, halas, wato shi ke nan, in shirya. Tsohuwar kowa Sitti yake ce mata, kuma a gidan nan in Sitti ta ce rana ta faɗi, kunna fitila ake yi ko da azahar ne.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Yanzu. Yalla, cire tamfol."

Mutumin da ya yi shekaru yana ce min gobe, ranar da nake neman goben ya ce yanzu. Yana tsaye a kaina na cire tamfol, yana tsaye aka loda katifu da tukwane, yana tsaye na tayar da mota. Ina zan kai injin niƙa a gaban idonsa?

Muka miƙi hanyar arewa har muka wuce Abhur, shi yana gaba a ƙaramar mota, ni ina biye da gida da matan gidan a ciki, labule tsakanina da su. Muka bar kwalta muka shiga wani fili na yashi da duwatsun teku. Akwai shimfiɗaɗɗen wuri kamar an yi daɓe, na nufe shi da murna. Sai murya ta fito daga bayan labule. Muryar Amna ce, mai dafa abincin gidan, Bahaushiyar Sudan da ta girme ni, wadda ta saba ajiye min tuwo da miyar kuka ranar Juma'a, ta kuma saba wanke ni da baki sauran ranakun.

"Ya Sale, Sitti ta ce ba nan ba. Can gaba, wajen dutsen nan. A nan marigayi mijinta yake kafa tanti."

Marigayin, Allah ya jiƙansa, ya zaɓi wuri mafi karkata a duk gaɓar Bahar Maliya. Tanti bai damu da karkata ba. Na duba gangaren, na ga ya nufi hagu ta baya, daidai inda dukiyata take. Na ce to bari in juya motar, nauyi ya koma tudu, abu ya gyara kansa. Abu Majid ya ɗaga hannu. In na juya, ƙofa za ta kalli hanya, inda masu kamun kifi ke wucewa. Ƙofar mata teku za ta kalla. Magana ta ƙare.

Na ja birki, na sa dutse, na yi bisimilla. Na sace iskar dama, motar ta yi tsaki mai tsawo ta sunkuya. Na hura hagu. Kwamfuresa ta yi ta gurnani, allura ta hau, ta hau, gaba ya ɗaga, baya ya ce shi ba da shi ba. Ƙwayar iskar nan ta je ta manne a gefen kwalba kamar yaron da aka yi wa faɗa. Na nemi katako. Katakon da Isufu ya ba ni na cire su tuntuni don dabino ya sami wuri. Na tono duwatsu na jera gaban taya na hau, yashi ya haɗiye su, tayar ta ƙara nutsewa.

"Ya Saleh, halas?" in ji Abu Majid daga inuwar da ya kafa.

"Shwayya, ya ammi. Kaɗan ya rage."

Babu abin da ya rage sai komai. Rana ta take, gishiri ya bushe a wuyana. Amna ta leƙo ta taga.

"Injiniya, man girki ya gudu gefe ɗaya a kasko. Rabin kifi yana soyuwa, rabi yana shan iska."

"Yaya Amna, ki juya kaskon."

"Firjin ma ya daina sanyi."

"Ba ya aiki a karkace. Ki ba ni lokaci."

"Lokacin naka ne ai, mu muna nan muna tafiya kamar masu ciwon ƙugu."

Duk wannan da sauƙi. Azahar ta yi, Sitti ta shiga banɗaki ta yi alwala. Ramin da ruwa ke fita yana dama, ruwa kuwa bai san dama ba, gangare ya sani. Ya tsallake dokin ƙofa, ya biyo kafet, ya je ya jiƙa dardumar da aka shimfiɗa mata. Ruwan banɗaki a kan wurin salla. Na ji salati daga ciki kamar an yi gobara. Abu Majid ya taso, fuskarsa ta yi ja, ya tsaya a kaina.

"Esh hada? Mene ne wannan? Ka ce ka iya. Me ya hana ta tashi?"

A nan ne ilimina ya yi min aiki. Na lissafa: in na faɗi gaskiya, zai buɗe akwati, bizata ta tafi. In na ce mota ta lalace, zai ce ni na lalata ta. Saura mafita ɗaya. Gadon Sitti yana hagu ta baya, daidai saman akwatina. Na matsa jikin taga na yi ƙasa da murya.

"Yaya Amna, don Allah ki lallaɓa Sitti ta koma gaba, ke da sauran. Nauyi ya yi yawa a baya."

"Nauyin wa?"

"Na... jama'a."

"Sale, ka taɓa ganin Sitti? Ni nake ɗaga ta daga wanka da hannu ɗaya. In kana son ka faɗa, ga ɗanta nan, ka faɗa da bakinka."

Sai na faɗa. Larabcina na kasuwa ne, ba shi da kwana-kwana. Abin da na so in ce shi ne a ɗan sake rabon zama. Abin da ya fito shi ne, mama ta yi nauyi da yawa. Abu Majid ya dube ni kamar na zagi alƙibla. Kuma tagar a buɗe take.

Ƙofa ta buɗe. Sitti ta sauko da sandarta, cikin baƙar abaya, 'yar tsohuwa da in iskar teku ta yi ƙarfi sai an riƙe ta. Ta umarci kowa ya fito: matar Abu Majid, 'ya'yansa mata, Amna da kaskonta. Suka jeru a tabarma cikin ranar nan. Ta nuna motar da sanda ta yi magana, Amna ta fassara min da jin daɗin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ta ce ga shi, ita dutsen ta sauka. Ka ɗaga."

Na hau kujera. Gida babu kowa, ƙwayar iska tana nan inda take, ko motsi. Mai hankali a nan yake tsayawa. Ni na danna maɓallin hagu na riƙe. Allura ta taɓa ja, na tuna Isufu, na ce ai shi ma ba a gabansa aka ƙera motar ba. Ta shige ja. Na ji baya ya fara ɗagawa, wallahi ya fara, har na buɗe baki zan yi hamdala.

Ƙarar da ta biyo baya ta tashi tsuntsayen gaɓar gaba ɗaya. Tiyon iska ya fizge daga bakin jakar, motar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta durƙusa ta baya kamar raƙumin da ya gaji da mai shi. Cikin gida na ji tangaran suna bin juna. Kuma don a kai hannu ga tiyon, dole a bi ta cikin akwatin hagu. Abu Majid ya miƙo hannu, na sa masa makulli.

Ni na fito da su, ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa. Jarka, jarka, jarka. Dabino. Tukwane. Keken Hajara. Da na fara jawo gunduwoyin injin niƙa, 'yan matan suka daina ɓoye dariya. Na tara dukiyata a kan yashi kamar mai baje koli, babu mai saye sai kallo. Sitti ta taka har gaban injin, ta ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Ta ce in tambaye ka," in ji Amna, "ita da wannan, wa ya fi?"

Na shiga ramin na mayar da tiyo, na ɗaure shi da waya. Na sace dama, na hura hagu. Kafin in gama gyara zama motar ta miƙe tsaf, ƙwayar iska ta zo tsakiya ta zauna kamar ba ita ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan a duk ranar. Ko ɗan jinkiri ba ta yi ba don ta rufa min asiri.

Abu Majid bai yi dariya ba. Ya zagaya kayan ya ce wanda ya haɗa irin wannan ba hutu zai je ba, tafiya zai yi ba dawowa, ya bar shi da neman sabon direba. Babu biza. Na rantse, na haɗa da Larabci da Hausa da hannu, na ce tsaraba ce, haka muke yi, in ban kai ba ba zan iya shiga gari ba. Bai gane ba. A wurinsa wanda ya je gida turare yake kai wa uwarsa, ba masana'anta ba.

Sitti ce ta yanke. Ta tambayi Amna shekara nawa rabona da gida, Amna ta faɗa mata. Tsohuwar ta juya ta wanke ɗanta tas, har na fara jin tausayinsa. Ta ce a ba ni fasfona in tafi. Na durƙusa zan yi godiya, Amna ta ce in dakata, ba a gama ba. Kayan za su zauna a gidan Sitti, a ɗakin ajiyarta, da makullinta. In na dawo, nawa ne. Jarka ɗaya ta zamzam kawai aka yarda in ɗauka, ita ma don kada a ce Sitti ta hana mutum ruwa.

Haka na shiga Funtuwa: ni, jaka, jarka. Dangi suka cika gida, suka yi ta leƙen bayana suna jiran motar kaya. Na yi musu bayani dalla-dalla, da jakar roba, da allura, da gangaren marigayi. Ƙanena ya saurara har ƙarshe ya ce, "To injin fa?" Maƙwabcin nan mai dabino ya koma rashin gaishe ni. Hajara kuwa ta ɗora tukunya. Ta yi min tuwo, ta nuna min katangar da ta gyara da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta nuna min autana da ya ɓuya bayan zanenta don bai san ni ba.

Ban daɗe ba na fara tsuma. In na kwanta sai in ga tsatsar Jidda tana cin injin, ƙwari suna cin dabino, 'yan matan gidan suna wasa da keken. Wata safiya ina shan koko na ce, "Hajara, ina ganin zan rage hutun nan. Tsohuwar nan ta cuce ni. Ta san muddin kayana suna hannunta, dole in koma da wuri. Kin taɓa ganin mugunta irin wannan?"

Ta ci gaba da tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mugunta? Alhaji, ai malama ce, ni ce ban yi karatu ba. Na riƙe maka 'ya'ya huɗu shekara da shekaru ba ka dawo ba. Ita ta riƙe inji ɗaya, ga ka nan ko kokonka ba ka iya shanyewa."